Ramin Cindo

A can zamanin da, lokacin da ɓauna ta fi mutum yawa a ƙasar nan, an yi wani maharbi a kan duwatsun arewa ana ce masa Cindo, saboda da yatsu shida aka haife shi a hannun dama. In ya dawo daga dawa mata kan yi masa kirari: "Cindo ɗan Tarana, shida ta fi biyar, kibiyarka ba ta dawowa da yunwa!" Mutanensa mazauna dutse ne tun kaka da kakanni. Ruwansu na kogon dutse ne, wanda ake kwarfa da ludayi, kifi kuwa a baki kawai suka san shi.

Sai fari ya kama su shekara uku a jere. Masu mutuwa suka mutu, masu ƙafa suka watse, aka bar gida arba'in. Dukiyarsu duka ta koma tulu uku na irin gero, a hannun Marka, yayar Cindo, wadda ita ce mai ajiyar irin gari. Kowa ya san abin da ke cikin tulunan nan. In aka shuka ya yi, akwai su baɗi. In ya lalace, zuriyarsu ta ƙare.

A cikin wannan hali ne Cindo ya bi sawun wani gwanki ya yi kudu. Kwana tara yana bin sa, duwatsu suna ƙanƙancewa a bayansa har suka ɓace. A safiya ta goma ya ratsa wata sarƙaƙiya, sai ya tsaya cik. Ƙasa ce shimfiɗe a gabansa har inda ido ya gaji, koriya shar a tsakiyar rani. Farin tururi yana tashi daga ciyawa, giginyoyi suna tsaye a cikinsa kamar ba su taɓa ƙasa ba. Gauraki suna rawa biyu-biyu. Can tsakiya ga tabki lulluɓe da bado, dorina ta ɗago kai ta yi hamma ta koma. Gwankin ya waiwayo ya dube shi. Cindo ya sauke baka, don a ganinsa ba a harbin wanda ya yi maka jagora. Ya zauna a cikin raɓa ya yi kuka, kukan farin ciki, ya kuma gode Allah da babu wanda ya gan shi.

Ya koma ya zo da mutanensa. Dattijonsu, Kosau, ya damƙi baƙar ƙasar fadama ya murza, ya sansana, ya ce nan za a zauna. Akwai wani tudun yashi a gabas, mai ƙaya da sabara, amma ko kallo bai ishe su ba. Wanda ya sha wahalar hawa duk tsawon ransa, wa zai ce masa ya sake hawa?

Ranar da aka fara haƙar ƙasar tubali, Cindo da kansa ya tono wani dunƙule mai tauri. Ya fasa, sai ga kifi a ciki, dogo, a naɗe, da ransa, yana barci a busasshiyar ƙasa. Gaiwa ce, amma su ba su san sunanta ba tukuna. Kowa ya rarumi fartanya. Duk inda aka sara sai an samu. Kosau ya ɗaga hannu sama ya ce, "Kun ga ƙasar albarka! Ƙasar da ake haƙar nama kamar gwaza!" Aka gasa, aka ci, aka lashe yatsu. Kuma saboda wayo irin na baƙo, kowa ya kafa ɗakinsa daidai inda gaiwa ta fi yawa, wai don abinci ya kwana kusa da shi. Allah sarki, rashin sani ya fi dare duhu.

Wata rana da tsakar rana, ana dab da faɗuwar damina, Cindo ya gaji da yawo ya kwanta a gindin wata giyayya. Barci ya ɗan fizge shi, ko kuwa ba barci ba ne, shi ma bai iya faɗa ba. Ya ga hasken rana ya koma kore, yana rawa. Ya ga tarwaɗa tana wucewa ta tsakanin rassan itacen a hankali, ƙananan karfasa suna bin ta. Ya ga saiwoyin kainuwa suna reto a inda gajimare ya kamata ya kasance. Bai ji tsoro ba, abin ma daɗi ya yi masa. Da ya farfaɗo idonsa na kan reshen nan, sai ya ga busasshiyar kainuwa maƙale a jikinsa, da ɓawon katantanwa. Ya miƙe tsaye ya ɗaga bakansa, bai taɓo wurin ba.

Nan ya gane: har can sama ruwa yake kaiwa. Kifi ba shi da ƙafa. Inda ruwa ya bar shi nan yake kwanciya, kuma ba zai kwanta ba sai ya tabbata ruwan zai dawo ya tashe shi.

Ya tarar da dattawa a inuwa ya durƙusa. "Baba, na yi kuskure. Wurin nan da mai shi, tafiya kawai ya yi. Mu koma kan tudu, mu shuka irinmu a can."

Kosau ya dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, kai ka ce mu sauko, muka sauko. Yanzu ka ce mu hau. Mu awakinka ne? A bar ƙasa mai maiƙo a zuba iri a yashi? Ka tsaya ga bakanka, ka bar wa manoma noma."

Aka yi dariya. Cindo ya sha kunya, amma abin da ya fi kunyar ciwo shi ne sanin cewa da ƙafarsa ya kawo su. Ya je wurin Marka, ya same ta tana shafa wa tulunan toka.

"Yaya, ki ba ni iri."

"Na gari ne, Auta, ba nawa ba."

"To, ba ni rabon gidanmu."

Marka ta daɗe tana kallonsa. "Tun kana goyo ban taɓa jin ka ce ka yi kuskure ba, sai yau," in ji ta. Ta cika ƙwarya guda ta miƙa masa. "In ya ƙone a yashin nan, ni da 'ya'yana sai bara."

Da ruwan shuka ya sauka, gari ya zuba irinsa kaf a fadama. Cindo ya hau tudu shi kaɗai. Maharbi da fartanya abin kallo ne: kunyoyin gonarsa a karkace, hannunsa duk kanta. Geron fadama ya tashi baƙi ƙirin har ya shanye mutum, nasa kuwa siriri, abin tausayi. Matan da ke yi masa kirari suka koma kiransa manomin yashi. Ya toshe kunne, yana kora tsuntsu, yana duban kudu.

Ruwan bai zo da hadari ba. A tsakiyar malka, damina ta yi nisa, aka yi kwana uku sama tana tas. A hantsin rana ta huɗu Cindo ya ga kwanta-rafi da 'ya'yanta sun hawo tudu sun wuce ta gabansa, ko gezau. Bayansu ga gyado, ga guza, ga zomaye. Ya duba fadama, sai ya ga ciyawa tana ƙyalli daga ƙasa. Ruwa ne daga wata ƙasa mai nisa, yana tafe a hankali, ba ƙara, ba kumfa, irin tafiyar mai gida da ya dawo gidansa. A cikin ɗakuna daɓe ya jiƙe ya tsage, gaiwoyi suka farka a ƙarƙashin gadaje.

Cindo ya gangara a guje. Ruwa na idon sawu ya kwashi yara. Ruwa na gwiwa ya kora mata da awaki. Da ya kai ƙirji gonakin gero sun nutse, sai tsinin ganye. Aka ƙirga kai a kan tudu, babu Kosau. Tsoho ya tsaya ceton gonarsa, ga shi can a kan jinkar ɗaki.

Marka ta riƙe wa Cindo hannu. "Auta, ka gaji."

"Ni na kawo shi, Yaya."

Abin da ya biyo baya daga bakin Kosau aka ji shi. Ya ce Cindo ya ɗora shi a kan gungumen giginya, yana turawa daga baya, yana ba shi haƙuri. Balbelu suna shawagi a kansu, furannin bado suna wucewa ta gefe, duniya ta yi tsit. Gungumen ya zo ya daki yashi, Kosau ya waiwaya ya ce sannu, sai ya ga ba kowa. Babu ihu, babu ko kumfa. Tsohon ya zauna a bakin ruwa yana kuka kamar yaro, kuma har ya mutu bai sake faɗin ƙasar albarka ba.

Geron tudu ya nuna, dami goma sha ɗaya. Ba wanda ya ci ko zangarniya. Shekarar nan da tushen bado da kifi aka raya yara, aka ajiye geron duka don iri. Daga ƙwaryar nan guda duk geron ƙasar ya fito.

Da ruwa ya janye, maza suka sauka neman gawar Cindo. Suka tona nan, suka tona can, ba su samu komai ba sai gaiwa a naɗe tana barci. Wani ya ɗaga fartanya zai sara, Marka ta tare shi. "Ban ga gawar ƙanena ba," in ji ta, "kuma ban san inda ya kwanta ba. Kada wanda ya ƙara tashin mai barci a ƙasar nan."

Garin da suka kafa shi ne Tudun Cindo, yana nan kewaye da fadamarsa, da gaurakinsa, da ƙauyukan da suka fita daga cikinsa. Mutanensa suna cin kowane kifi ban da gaiwa. Har yau duk wanda zai yi gini, ko ɗan akurkin kaji ne, sai ya fara tona rami kamu biyu, shi ake kira ramin Cindo. In ƙasa ce zalla, ya kafa harsashi. In ya tarar da gaiwa, sai ya mayar da ƙasa a hankali da tafin hannu, ya zuba ruwa ƙwarya guda, ya sunkuya ya ce, "Yi barcinka, Baba, mun matsa." Sa'an nan ya kwashi kayan aikinsa ya hau sama.