Hannun Marini a Allo Biyu

An ce wai a wani gari mai tsohuwar marina an yi wani Sarkin Kasuwa, sunansa Jatau. Ba shi da yawan magana, kuma ba ya yanke hukunci sai ya ga abu da idonsa.

A kasuwar akwai wa da ƙane, 'ya'yan wani marini da ya daɗe da rasuwa. Babban, Sallau, gyaran hoto yake yi. Ƙaramin, Nadabo, gwanin wasan gem ne, har gasa yake shiga. Shagonsu ɗaya, kwamfutarsu ɗaya. Rannan allon kwamfutar ya mutu, halinsu kuma bai wuce su sayi allo ɗaya ba.

Mai sayarwa ya nuna musu guda biyu. Na farko mai sauri ne, komai gudun abu ba ya kuɓuce masa, launinsa na sheƙi kamar an shafa masa mai. Na biyu ba shi da wannan saurin, ba shi da ƙyalƙyali, amma launin da ya nuna shi ne zai fito a takarda in an wanke hoto.

Sallau ya ce sai na biyu, kuma yana da dalili. Uwarsu, Inna Gwamma, yanar ido ta fara rufe mata gani. Hoton mijinta guda ɗaya ne a duniya, wanda wani mai hoto ya ɗauka a bakin marina, kuma ya koɗe. Ta roƙi Sallau ya dawo mata da shi yadda yake, ta gan shi kafin hasken ya ƙare.

Nadabo ya ce, "Yaya, hoto ai hoto ne. Mutumin da ke tsaye cak, wane allo ne zai kasa nuna shi? Ni kuwa in allo ya makara da ƙiftawar ido, an cinye ni."

Sallau ya ce, "A cinye ka mana, gobe ka rama. Inna fa, da me za ta rama?"

"Kai dai ka tsufa tun furfura ba ta zo ba."

Da abin ya ƙi ƙarewa, suka kai gaban Sarki Jatau. Ya saurare su har suka gaji. Sannan ya sa aka kawo allunan biyu rumfarsa, aka jona, aka ɗora hoton marigayin a kowanne. Ya aika a ɗauko Inna Gwamma. Kafin ta iso, ya ce wa Sallau ya yi shiru, ya dubi ƙanen.

"Yaro, kana da wayo lokacin da mahaifinku ya rasu?"

"Ina goye, ranka ya daɗe."

"To ga shi sau biyu. Nuna mini wanda ya haife ka."

Nadabo ya daɗe yana kallo. A allon sauri fuskar na walƙiya, rigar ta yi shuɗi garau, hannuwan baƙaƙe sumul. A ɗayan, mutum ne a gajiye, cikin riga mai duhu. Ya miƙa hannu ga na farko. Ya ce, "Wannan. Haka nake ganinsa in na rufe ido."



Aka shigo da tsohuwa riƙe da hannu. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa allon sauri. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ja da baya.

Ta ce, "Wannan wane attajiri ne? Allah ya ƙara masa, amma ban san shi ba."

Aka kai ta ga na biyu. Ba ta tsaya kan fuska ba, don fuska ta fi ƙarfin idonta. Hannu ta nema. A nan launin fata daban, launin shuni daban, ana ganin inda rini ya tsaya a ƙasan gwiwar hannu. Ɗaya allon ya haɗe su duka sun zama baƙi ɗaya.

Ta ɗora yatsa a wurin. Ta ce, "Ga Malam. Ga shunin nan. Sabulu bai taɓa fitar da shi ba. Ko tuwo ya yanka sai ya bar alama a malmala, ina ta faɗa, yana ta dariya." Ta juyo tana laluben ƙaramin ɗanta. "Nadabo, da hannun nan ya ɗauke ka ranar suna. Farin zanen da na naɗe ka a ciki, har yau da sawun yatsunsa."

Nadabo ya durƙusa a gaban allon da ya ƙi. Ya ce, "Inna, ban san haka hannunsa yake ba."

Sai a nan Sarki Jatau ya yi magana. Ya ce, "Ban ce allonka maƙaryaci ba ne, yaro. An yi shi don abin da ke gudu, kuma a aikinsa ba shi da laifi. Amma na ce ka nuna mini mahaifinka, ya sa ka nuna baƙo. Da da shi yayanka ya yi gyaran, da baƙo za ku rataye a ɗakin uwarku. Ni ba zan zaɓa muku ba. Kai za ka zaɓa."

Nadabo ya share ido da bakin riga, ya ce, "A ɗauki na Yaya."

Sarki ya dubi Sallau ya ce, "Kai kuma in ka tashi daga aiki, ka ba shi kujera. Allon nan zai yi gem, ko da yana ɗingishi. Kada in ji ka yi masa gori."

Sallau ya gyara hoton, bai ƙara haske inda babu ba, bai goge shunin ba. Aka wanke shi babba, aka rataye kusa da gadon Inna. Ta gan shi damina guda, sannan idon ya rufe. Daga nan sai ta riƙa kiran Nadabo ya zauna ya faɗa mata abin da ke ciki. Kullum daga hannu yake farawa. An ce a gasa an sha cinye shi, bai kuma taɓa ɗora wa allo laifi ba.

Abin da ke gudu, a nema masa allo mai sauri. Amma wanda ya tafi ba zai dawo ba, kada a yi masa ado. A bar shi da launinsa, don nasa su gane shi.