Bencin Baya

Akwai wani malamin lissafi da ɗalibai ke kira Malam Jeri a bayan idonsa. Ya iya aikinsa, wannan babu musu, sai dai mutum ne mai ji da kansa, kuma ya yi imani maki ba ya ƙarya. Duk ƙarshen zango yakan sake wa ajinsa wurin zama: wanda ya zo na ɗaya a bencin gaba, daf da allo, na ƙarshe kuma can jikin bango, inda ake jingine tsintsiya. A ganinsa kunya ce kaɗai ke tayar da malalaci.

A ajin akwai wata yarinya da kowa ke ce wa Auta. Ita ke fara zuwa, ita ce ƙarshen tashi. Lokacin tara, sa'ad da sauran yara ke wasa, tana zaune tana kwafar aikin allo daga littafin ƙawarta, har da kurakuran ƙawar. Duk da haka makinta ya ƙi kyau. Aka ja ta tsakiyar aji, zango na gaba aka tura ta baya, makin kuwa sai ƙara lalacewa yake yi.

Mahaifinta, wani direba, ya ajiye aikinsa ya zo makaranta.

"Malam, yarinyar nan ba ta ajiye littafi a gida, ko abinci sai an yi mata faɗa take ci. Na ce in ta sake faɗuwa bana zan cire ta, amma wallahi raina ba ya so. Ka duba mini ita."

"Na ga irinta da yawa," in ji Malam Jeri. "Riƙe littafin suke yi don a gani. In da gaske take, da ƙafarta za ta dawo gaba."

Bai duba ba. Auta ta faɗi, aka cire ta, aka kai ta koyon ɗinki wajen gwaggonta.

An daɗe da yin haka, wata rana Malam Jeri ya kai gyaran riga shagon gwaggon. Daga bakin ƙofa ya yi sallama. Auta na kan keken ɗinki, ta amsa, tana ƙanƙance ido tana kallonsa kamar baƙo. Sai da ya matso gabanta ta miƙe da sauri ta russuna.

"Yi haƙuri, Malam, ban gane ka ba. Daga nesa dishi-dishi nake ganin fuska."

"Tun yaushe?"

"Tun ina ƙarama."

"To allo fa?"

"Daga tsakiya ina ɗan tsintar manyan lambobi. Da na koma baya, ƙarar alli kawai nake ji."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na taɓa ɗaga hannu, Malam. Ka ce 'yan baya su bari sai sun dawo gaba su yi magana."

Ta karɓi rigar, ta zura zare a allura tashi ɗaya, ta ce ya dawo jibi. Ya fita. Washegari ya rushe jerin nan nasa, amma Auta ba ta sake komawa aji ba.

Darasin a nan shi ne, idan yaro yana ƙoƙari amma sakamakonsa ya ƙi nunawa, akwai abin da ya tare shi, kuma aikin babba ne ya nemo abin. Maki yana nuna cewa yaro ya faɗi, ba ya faɗin dalili. Malami ko mahaifi ya matso kusa, ya tambaya, ya kuma saurari amsa tun yaron yana cikin aji.