Kunkurun da Tasalla Ta Kira Kififfiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata shekara ruwa ya ƙi sauka, rijiyar ƙauye ta ƙafe. Akwai wata mata, Tasalla, tana zaune da tsohuwarta da 'yarta ƙarama. Da ƙishirwa ta kwantar da tsohuwar da yarinyar, sai ta ɗauki tulu ta shiga daji neman ruwa.

A gindin kalgo ta ga wani abu mai ƙoƙon baya yana rarrafe. Sai ta yi murna, don ta ɗauka kififfiya ce, kunkurun ruwa, wadda ba ta nisa da rafi.

Ta ce, "Kififfiya, kai ni rafinku."

Abin ya ce, "Baiwar Allah, dubi ƙafata tukuna."

Ƙafar kuwa dunƙulalliya ce mai kaushi, ba fatar iyo tsakanin yatsun. Tasalla ba ta duba ba. Sai ta bi shi wuni guda.

Kashegari ta ce, "Kififfiya, ina ruwan?"

Ya ce, "Dubi bayana."

Bayan ya yi tozo kamar an kife ƙwarya, ba shimfiɗaɗɗe ba irin na 'yan ruwa. Sai ta kau da kai, don tana tsoron abin da za ta gani.

Rana ta uku suka kai kan wani tsauni, ko ɗigon ruwa babu. Ta sake cewa, "Kififfiya..."

Sai ya janye kai da ƙafafu, ƙoƙon ya rufe ruf kamar ƙyaure.

Tasalla ta durƙusa, ta ɗauke shi, ta jujjuya shi a hannu. Ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Kunkurun tudu ne kai."

Ya leƙo ya ce, "Ni ne. Ban taɓa ganin rafi ba. Ga abin da na sani."

Sai ya tona ƙasa, sai ga rujiya, saiwar nan mai ruwa a ciki. Ya ce, "Tun ran farko muke wuce irinta. Ba ki tambaye ni da sunana ba."

Ta cika tulu da rujiya, ta kama hanyar gida da gudu. Yarinyar ta tsotsa, ta buɗe ido. Tsohuwa kuwa ta rasu, tun jiya maƙwabta suka kai ta makwancinta.

Tasalla ta zauna a ƙofar ɗakin tsohuwar.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Yara, in kun ga abu ku dube shi yadda yake, ko da ba shi kuke fata ba.