Yarinyar da Ta Fasa Tulun Majami'a

Akwai wani manomi da yake da 'ya mai suna Damaris. Tun tana ƙarama ita ce ke buga tulu a ƙungiyar mawaƙan majami'arsu. In ta ɗora hannu a bakin tulun nan, har tsofaffi sai sun miƙe.

Da ta kai ajin ƙarshe a sakandare, sai maganar jami'a ta cika gidan. Kowa na murna, ban da ita. Ta ji an ce ɗalibai a can sun fi mutanen ƙauyensu yawa, malami bai san sunan kowa ba, kuma 'yan birni dariya suke yi wa Turancin ƙauye. Ba ta gaya wa kowa ba. Sai dai ta koma harara da buga ƙofa.

Wata rana a wajen koyon waƙa, shugabar mawaƙa ta ce, "Damaris, ba Keziya tulun ta fara koyo, tunda kin kusa tafiya."

Damaris ta dubi ƙaramar yarinyar, zuciyarta ta tafasa. Ta ɗaga tulun sama, ta maka shi da ƙasa. Ya tarwatse.

Da labari ya kai gida, mahaifinta ya ce, "Me Keziya ta yi miki?"

Damaris ta ɗaga murya ta ce, "Baba, ban ma tafi ba kun riga kun binne ni! A can ba wanda ya san ni, a nan kuma kun cike gurbina. To, ina ne nawa?"

Sai ya ce, "Ashe tsoro kike ji, 'yata. Mu kuma muna ta guɗa."

Ran Lahadi da tafi kawai aka yi waƙa. Damaris ta zauna a bencin baya, hawaye na zuba.

Ga ma'anar misalin nan. Tsoron da aka ɓoye yakan fito da fuskar fushi, ya fasa abin da mutum ya fi ƙauna. Ku matasa masu shirin tafiya, Ubangiji ya riga ku isa can, ya kuma san ku da suna. Ku faɗa masa tsoronku, ku faɗa wa na gida.

Ku kuma iyaye, kuna iya cewa, "Yaron nan ya fara rashin kunya." Yaushe rabon da ku zaunar da shi ku tambaye shi abin da ke cin ransa?