Ƙafar Sallau Kafinta

Ku ajiye wayoyin nan! Yaran yanzu, da kun ji jini yana gudu a jikinku sai ku ɗauka da ƙarfe aka ƙera ku. Ku saurara, kuma kada wanda ya katse ni.

Sallau kafinta ne mai buga rufin kwano, yana yawo a kan gini kamar ƙadangare. Yayarsa Tabawa ta ja shi har ofis ta yi masa rajistar inshorar lafiya, wato a riƙa biyan kaɗan duk shekara, ran da ciwo ya zo a yi magani ba sai an sayar da akuya ba. Ma'aikacin ya ce akwai kuma tsarin nakasa, wanda ke tallafa wa iyali idan maigida ya kasa aiki. Sallau ya ce, "Yaya, baki kike yi mini? Ni da ko mura ba ta kama ni!" Ya ƙi dangwala wannan. Na lafiyar ma, Tabawa ce ke sabunta shi duk shekara da ribar ƙosanta.

Katin inshorar da aka ba shi kuwa, mara kunyar ya kankare fenti da shi, ya jefar. Gwaggonsa Ladidi na shara ta tsince shi. Ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma ta gane hoton. Ta ce fuskar ɗan ƙanenta ba za ta zauna a juji ba. Ta goge shi, ta adana a ƙasan kwallarta shekara uku.

Ran nan katako ya karye da shi, ya faɗo, ƙashin ƙafa ya huda fata. Maza suka kinkimo shi gida, suka aika a kira mai ɗori, don tsoron kuɗin asibiti. Surukarsa Iya Marka, wadda tun aurensa da 'yarta ba ta taɓa haɗa ido da shi ba saboda kunya, ta zo ta zauna a bakin ƙofa. Ta kira sunansa gatsau, ta ce, "Sallau, ƙashin da ya ga rana ba na ɗori ba ne. Mai taɓa ƙafar nan sai ya tsallake ni." Aka saka shi a mota. Ladidi ta biyo su da katin a ƙulle a bakin zane. Aka duba, yana aiki. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu, sai dai a yanke.

Ƙafa ta tsira, amma ta gajarce. Sallau bai sake hawa rufi ba. Tallafin da ya raina babu shi. Yana zaure yanzu da sanda a gefe, yana ƙera kujerun tsugunno, matarsa na surfen hatsin maƙwabta.

Shekaranjiya matar ta haifi mace. Sallau ya rantse zai yi wa wadda ta cece shi takwara, ga suna saura kwana biyar, jaririya kuma ɗaya ce. Ba don Tabawa ba, babu kati. Ba don Ladidi ba, da tuni ya ƙone a juji. Ba don Marka ba, da Sallau bai ga ƙofar asibiti ba.

To, ku masu bakin magana: sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?