Takalmin Alƙali a Ƙafar Cindo

Wai an taɓa gurfanar da wani mai gyaran keke, Cindo, don ya fito daga masallacin Juma'a sanye da takalmin alƙalin garin.

"Allah ya gafarta Malam, na zaci nawa ne," in ji Cindo. "Kuma an ce dokar da aka gyara ba ta hukunta wanda ya yi kuskure da zuciya ɗaya."

Alƙali ya yi murmushin mugunta. "Haka ne. To, ciro zuciyar ka ajiye nan mu duba. In ka kasa, sai gidan yari."

Cindo ya sosa ƙeya. "Ashe ranar Malam ba takalmi ya koma gida?"

"Ni? Wasu koɗaɗɗun silifa na tarar a bakin ƙofa, na zura."

"Ayya, ai nawa ne! Malam ya san ba nasa ba ne ya ɗauka?"

Magatakardan kotu ya gyara riƙon alƙalami. Alƙali ya yi gyaran murya.

"A'a... na zaci nawa ne."

"Alhamdu lillahi! To, Malam ne babba. Ya fara ciro tasa, in ga yadda ake yi."

Ranar kotu da wuri ta tashi, Cindo kuwa a gidansa ya ci tuwo.