Tanimu Bakanike da Gwangwanin Man Birki

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, tun zamanin da babu wayar hannu, zamanin da in mota ta bar tasha sai dai a raka ta da addu'a. Sunansa Tanimu, bakanike ne. Na baya ku matso, ku saurara, labarin ba shi da tsawo.

Wannan bawan Allah, garejinsa 'yar rumfar kwano ce a gindin wata tsamiya, bayan tasha. Garin ƙarami ne, saboda haka shi ne mai inji, shi ne mai birki, shi ne mai gyaran wuta. Bai yi karatu mai zurfi ba, ba shi da yawan magana, in ka gan shi a sahun salla da baƙin mai a ƙarƙashin farce ba za ka sake waiwayarsa ba. Amma direbobi sun san shi da abu guda: ba ya yin aikin gaggawa.

Kun san fis, ɗan abin nan da bai kai kan yatsa ba, wanda ke ƙonewa in wuta ta yi yawa don kada wayoyin mota su kama. Direba zai zo a guje, fitila ta mutu, ya ce, "Malam Tanimu, naɗa mini 'yar waya a wurin kawai, fasinja na jira." Sai ya girgiza kai ya ce, "Wanda ya ƙera motar nan, fis mai lamba goma ya sa a nan, mai lamba goma zan mayar. Kuma fis ba ya ƙonewa a banza. Zauna mu nemo abin da ya ƙona shi." In ya zo juyen baƙin mai, injin da ke cin lita huɗu, lita huɗu zai zuba, ya jira ya kwanta, ya zaro ƙarfen awo ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya duba. Kowane irin mai da mazurarinsa a rataye: na inji daban, na giya daban, na birki daban. Shekara kusan talatin yana haka.

To, ku saurara. Irin wannan mutum ne Allah ya jarraba, kuma ta inda ya fi ƙarfi aka jarraba shi.

Akwai wani direba, Jatau, mai bas mai cin mutum goma sha takwas. Mutum ne mai zafin rai da kaifin baki, ba ya yarda kowa ya taɓa motarsa sai Tanimu. Wata ranar kasuwa da hantsi ya kawo ta a duba kafin ya ɗauki doguwar hanya. Tanimu ya juye baƙin mai, ya duba ruwan lagireto, ya ga man birki ya yi ƙasa, ya ɗauko gwangwani daga kan katako ya cika shi. Jatau yana tsaye cikin 'yan'uwansa direbobi, ya daki kafaɗar Tanimu ya ce, "Ku gan shi nan! Shekara tara yana riƙe da motata, ban taɓa kwana a daji ba." A makon nan ne ma shugaban tasha ya yanke cewa duk motocin ƙungiya wurin Tanimu za a riƙa kai su. Jatau ya ja mota ya tafi lodi, gab da azahar ta cika, ya ɗauki hanya.

Aka kira salla. Tanimu ya ɗauki buta zai yi alwala, sai idonsa ya faɗa kan mazurarin man birki da ya bari a ƙasa. Ya ɗan zuba masa ruwa don ya ɗauraye ya shanya, kamar yadda ya saba. Wanda ya san sana'ar ya sani, man birki yana bin ruwa, nan da nan yake wankewa. Wannan ya ƙi. Ruwan ya dunƙule a kansa ya zame, maiƙon yana nan. Ya sake zubawa, haka. Ya ɗauko gwangwanin ya shinshina, ya murza a yatsa.

Ya tuna. Makon da ya wuce galan ɗin man sitiyari ya tsage, ya juye ragowar a cikin wani gwangwanin man birki da ya ƙare, da niyyar ya yi masa alama. Kafin ya yi, aka kira shi jana'izar maƙwabci, ya fita, ya manta. Su biyun duk ja-ja ne, ido ba ya rabewa. Man sitiyari ya zuba wa Jatau a birki. Shi kuwa wannan mai, in ya shiga birki, robobin ciki yake ci, su kumbura su saki. Ba nan take ba. Za ka taka ya kama, ka taka ya kama, sai a wurin da ka fi bukatarsa ƙafarka ta nutse har ƙasa. Kuma hanyar da Jatau ya ɗauka, bayan mararraba akwai dogon gangaren dutse mai kwana-kwana, da gada a ƙarshensa.

Maƙwabcinsa a sana'a, Sambo mai faci, ya ga ya tsaya riƙe da buta kamar an dasa shi. Ya ce, "Malam, lafiya?"

Tanimu ya gaya masa.

Sambo ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Wa ya gani ban da ni? Ni kuwa ban gani ba. Malam, rufa wa kanka asiri. Ɗan kaɗan ka zuba, ƙila ma ba abin da zai faru. Jibi in ya dawo ka ce za ka duba masa birki, ka juye a hankali, magana ta mutu. Ka san bakin Jatau. Ka san abin da shugaban tasha ya shirya maka."

Tanimu ya ce, "In ya dawo, Sambo."

"To ai zai dawo, in sha Allahu."

"In ya dawo. Ara mini babur ɗinka."

Jama'a, ku lura da shawarar Sambo. Bai ce a yi sata ba, bai ce a yi kisa ba. Cewa ya yi a jira jibi. Shaiɗan ba ya yawan zuwa wa mutumin kirki da babban laifi, da "bari sai jibi" yake zuwa. Ku lura kuma, Tanimu bai ce bari in yi salla tukuna ba. Lokacin azahar yana da faɗi, zai same ta a gaba. Gangaren dutse ba ya jiran kowa.

Ya hau tsohon babur ɗin nan, dattijo mai furfura, cikin tsakar rana, ba hula, rigar aiki duk maiƙo. Ya san direbobi kan tsaya a mararraba fasinja su ci abinci su yi salla. Abin da yake roƙo a hanya ke nan: Allah ka sa mai abinci ta yi nawa, Allah ka sa liman ya ja sura. Da ya iso, bas ɗin na tsaye, inji na ruri, mutum na ƙarshe na sa ƙafa. Ya jefar da babur ya tsaya a gabanta yana haki.

Jatau ya leƙo ta taga. "Malam Tanimu? Me ya kawo ka nan? Mutuwa aka yi?"

"Ba a yi ba. Kashe motar, ka sauko mu yi magana."

"Ba ni da lokaci, rana ta yi. Faɗi daga nan."

Nan ma akwai ƙofar tsira, ku saurara. Yana iya cewa, na manta ban ɗaure wani noti ba, ba ni minti goma. Amma aikin ba na minti goma ba ne, kuma ƙarya ba za ta hana Jatau gangarawa ba. Sai ya ɗaga murya, fasinja goma sha takwas na ji, masu talla na ji, direbobin wasu garuruwa na ji, ya ce, "Jatau, na yi maka kuskure. Man sitiyari na zuba maka a birki. Ni na zuba da hannuna. Kada ka gangara da mutanen nan."

Jatau ya taka birki sau uku, ya ce, "Birkina garau yake. Tun daga gari nake takawa. Tsufa ne ya fara taɓa ka? Matsa mini!"

"Yanzu garau yake. Ban san yadda zai kasance a kan dutse ba."

"Na ce ka matsa!"

Tanimu ya ƙi matsawa. Ya zauna a ƙasa, a gaban tayar mota, ya naɗe ƙafa.

Fasinja suka fara hayaniya. Mai kwandunan tumatir na cewa kayansa za su lalace, wani na cewa ɗaurin aure za shi. Sai wata tsohuwa da ke kujerar bayan direba ta taɓa kafaɗar Jatau ta ce, "Ɗana, mutumin da ya biyo ka tun daga gari cikin ranar nan don ya tona wa kansa asiri, ba ƙarya ya ɗauko ba. Buɗe mu gani."

Jatau ya sauko yana huci, ya buɗe murfin man birki. Robar da ke ƙarƙashin murfin ta kumbura ta yi laushi kamar burodin da ya sha shayi. Ya yi ƙoƙarin mayar da ita mazauninta, ta ƙi shiga. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juyo, a gaban jama'a, ya ɗauke Tanimu da mari. Mutumin da ya girme shi da shekara ashirin.

Tanimu ya dafe kunci ya ce, "Kana da gaskiya. Ka yafe mini." Ya juya ga fasinja ya ce, "Ku ma ku yafe mini, na ɓata muku tafiya."

Wasu suka yafe, wasu suka zage shi. Aka rarraba su a wasu motoci. Shi kuwa ya nemi ruwa ya yi sallarsa, ya shiga ƙarƙashin mota. Kwana biyu ya yi a mararrabar nan. Ya aika birni aka kawo sababbin robobi, ya kwance birkin ƙafa huɗu, ya wanke kowane bututu, ya zuba man da ya dace, bai karɓi komai ba. Da ya gama, Jatau ya ja motarsa ya tafi ko sallama babu.

Kuna jiran in ce da ya koma gida aka tarbe shi da yabo? Ba haka aka yi ba. Labari ya riga shi isa, kuma rabin labarin ne ya isa. Ba wanda ke cewa Tanimu ya bi mota ya tsayar da ita. Cewa ake, Tanimu ya zuba man sitiyari a birki. Shugaban tasha ya janye maganarsa. Direbobin da ke layi a gindin tsamiya suka koma wani wuri. Tanimu ya koma gyaran injin niƙa da injin ban ruwa don a samu na tuwo. Wata rana matarsa Kande, da abin ya ishe ta, ta ce, "Malam, da ka bi ta Sambo, da yanzu ba mu cikin wannan hali." Ya ce, "Na auna, Kande. Na ga zan iya ɗaukar wannan. Wancan ne ba zan iya ɗauka ba."

Kuma kada ku tambaye ni ko birkin zai tsinke a kan dutsen. Ban sani ba, Tanimu ma bai sani ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Ƙila da sun sauka lafiya. Allah kaɗai ya bar wa kansa sanin wannan. Abin da Tanimu ya sani shi ne an ba shi amanar rayuka kuma hannunsa ya yi kuskure a cikinta.

Damina biyu ta wuce. Wata safiya yana tsugune kan wani injin niƙa, sai ga bas ta tsaya a bakin rumfa. Jatau ne. Ya sauko, ya yi sallama, ya tsuguna har ƙasa, abin da ba a taɓa gani ya yi wa kowa ba. Ya miƙa makulli ya ce, "Baba, a duba mini ita."

Tanimu ya ce, "Ka manta abin da na yi maka?"

Jatau ya ce, "Ban manta ba. Shekara biyu ina yawo gareji-gareji. An ɓata mini inji, an ƙona mini wayoyi, kowa na rantse mini ba shi ba ne. Duk wanda ya taɓa motar nan ya yi mini kuskure. Kai kaɗai ka biyo ni da naka. Hannun da na ɗaga maka, ka yafe mini."

Tanimu ya ce, "Na yafe tun a mararraba." Ya karɓi makullin ya buɗe gaban mota.

Bai yi arziki ba, jama'a. Motocin ƙungiya ba su dawo ba. A rumfar nan ya ƙare kwanakinsa, Allah ya jiƙansa.

To, ga abin da nake so ku tafi da shi. Riƙon amana ba ya nufin ba za ka yi kuskure ba. Duk ɗan Adam yana yi, har wanda ya shekara talatin yana taka-tsantsan. Amana tana bayyana ne a lokacin da ka gano kuskurenka, babu wanda ya gani, kuma faɗinsa zai zubar maka da mutunci. A nan ake sanin wanda ke tsoron Allah da wanda ke tsoron bakin mutane.

Kai mai kemis da ka miƙa maganin da ba shi ba, ka tuna bayan mai shi ya fita. Kai magini da ka san ka rage siminti a ginshiƙi, kuma iyali za su kwana a ƙarƙashinsa. Ke da kika kai maganar da ta raba zumunci, daga baya kika gane ba haka take ba. Ni kaina da nake zaune a nan, in na ba da fatawa na koma na ga na karkace. Kowannenmu yana da motar da ya sallama da ɓarna a cikinta, kuma tana kan hanya yanzu haka da mutane a ciki. Kada ka ce sai jibi. Tashi ka bi ta tun ba ta kai gangare ba. Za a iya zagin ka, za a iya marin ka, za ka iya rasa abin da ka daɗe kana ginawa. Kunyar duniya kwana nawa ce? Akwai ranar da za a buɗe komai a gaban taron da ya fi na mararraba, kuma a ranar babu sauran gyara.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kan kanmu ne. Ku ce amin.